Motar da Za Ta Ja Otal

Yayata Marlys da mijinta Wendell Aune sun kwashe lokacin sanyin nan gaba ɗaya suna gardama a kan mota. Ni kuwa ina tsakiya, don gidana yana tsallaken titi ne kawai, kuma tun da mijina ya rasu a wajensu nake cin abincin ranar Lahadi in an tashi daga coci.

Wendell direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Ƙuruciyarsa duk a kan layin dogo ta ƙare, yana jan taragun alkama daga garinmu Havre ya haye duwatsu ya dawo. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, amma in aka taɓo zancen inji sai an roƙe shi ya yi shiru. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tirelar kwana a hannun wani manomi, doguwa, mai gado da kicin da banɗaki, har da kujerun zama. Ranar da aka kawo ta Marlys ta leƙa ciki ta ce, "Wannan ai otal ne." Sunan ya bi ta ke nan. Kowace shekara in Yuli ya kama sukan ja Otal su haye dutse zuwa wani tafki, inda tsofaffin ma'aikatan jirgi da matansu suke haɗuwa suna kamun kifi da shirga ƙarya. Tun suna kwana a tanti da yara ƙanana suke zuwa wurin.

A ƙarshen kaka tsohuwar a-kori-kurarsu ta mutu. Bakanike ya buɗe ta, ya duba, ya rufe, ya ce a yi mata addu'a kawai. Dole a sayi wata kafin Yuli, nan fa aka samu abin faɗa.

Wendell babba yake so, mai shan dizal, mai ɗaukar tan guda a bayanta, irin wadda in ta tsaya kusa da kai sai ka ɗaga kai kafin ka ga direba. Ya daɗe yana mafarkinta. Marlys kuwa rabin-tan take so, mai fetur, wadda mutum zai shiga ba sai ya nemi tsani ba.

"Sau ɗaya muke jan Otal a shekara," in ji ta, tana zuba masa dankali. "Sauran watannin fa? Ni zan je kasuwa da ita, ni zan kai furanni coci. Ka taɓa ganin mace mai tsawona ta hau waccan abar? Sai dai a jawo ni da igiya."

"Ana sa mata mataki."

"Kuma in babu kaya a bayanta tsalle take yi kamar ɗan maraƙi. Na shiga ta abokinka Floyd, sai da na kwana ina jin ƙuguna."

"Ta Floyd ai tsohuwa ce, kamar mai ita." Ya juyo wajena. "Ke Verna, gaya wa yayarki. Ja ba shi ne magana ba, ko doki zai ja Otal a kan miƙaƙƙiyar hanya. Tsayarwa ita ce magana. In ta gaba ba ta da nauyi da ƙashi, ta bayan ce za ta riƙa tuƙa ka."

Na ce, "Ni nama na zo ci, kada a sa ni alƙalanci."

"Kullum ke nan. Da ci ake biyan albashi da tuni kin saya mana duka biyun."

Haka muka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi. Ba faɗa ba ne na gaske. Ina ganin ma daɗinsa suke ji, don in ɗaya ya manta, ɗayan ne yake tono zancen.

Ana cikin haka, wata safiya a watan Maris, ina wanke kofi a bakin tagata, na hango Wendell yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gidansu. Sai na ga shebur ya sulale daga hannunsa. Ya tsaya yana kallon hannun kamar ba nasa ba, sannan ya zauna a hankali cikin ƙanƙara. Da silifas na tsallaka titi.

Jijiyar jini ce ta toshe a kansa. Allah ya sa an kai shi asibiti da wuri, bakinsa bai karkace ba, hankalinsa bai taɓu ba. Amma ƙafar hagu ta zama sai ya ja ta da sanda, kuma duk abin da ke hagunsa ya ɓace wa idanunsa. In aka ajiye masa abinci sai ya cinye rabin faranti ya ce ya gama, sai Marlys ta juya farantin ya ga saura. Likita bai ɓoye masa ba. Ya ce tuƙi kam babu, watakila nan gaba a sake dubawa, amma kada ya sa rai.

Mutumin da ya dawo gida ba Wendell ɗin da muka sani ba ne. Ba ya fushi, ba ya ƙorafi, komai aka ce sai ya ce to. Na tsokane shi da duk abin da na iya, sai dai ya yi ɗan murmushi irin na baƙo. Ya yini a kujera yana kallon bayan gida, inda Otal take tsaye a lulluɓe da tampol.

Wata Lahadi, ana tsakiyar cin abinci, ya ajiye cokali ya ce, "A sayar da Otal. Floyd ya san wani mai nema."

Marlys ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Mu kwana a ina in mun je tafki?"

"Wane tafki kuma, Marlys?"

"Wanda muke zuwa."

"Wa zai kai mu?"

"Ni."

Ya yi dariya, karo na farko tun dawowarsa, amma ba mai daɗin ji ba. "Ke? Ke da ko keken yankan ciyawa ba ki taɓa ja ba?"

"Kai ma ba da jirgi a hannu aka haife ka ba. Wani ne ya koya maka."

Gaskiyarsa ce, ba ta taɓa jan komai ba. Marlys ta kusa saba'in, gajera ce, sai ta sa matashi a kujera take ganin hanya da kyau. Shekaru da yawa ta yi tana aiki a kicin ɗin makarantar firamare, tuƙinta bai wuce cikin gari ba. 'Yarsu Janel ta bugo waya daga bakin teku inda take aure, ina jin muryarta daga inda nake zaune: "Mama, don Allah ki rufa mana asiri." Marlys ta ce ta ji, ta tambayi lafiyar yara, ta kashe.

Da Wendell ya ga da gaske take, sai ya sauya. Ya ce to, in dai ita za ta tuƙa, a sayi rabin-tan ɗin da take so. Shi ne yanzu yake yabonta: ga laushi, ga sauƙin juyawa, ga ta ƙasa-ƙasa. Duk maganganun da ta yi masa a lokacin sanyi ya kwaso ya dawo mata da su ɗaya bayan ɗaya. Na lura Marlys ba ta ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan.

Muka tafi filin Lyle Tveit, mai sayar da motoci a bakin gari. Lyle tare suke waƙa da Marlys a coci, kuma a gabansu ya girma. Ya nuna mana wata rabin-tan shuɗiya, fes da ita. Marlys ta shiga ba tare da ta kama komai ba, ta zauna, ta shafa sitiyari, fuskarta ta washe.

Wendell ya ce, "Za ta ja Otal?"

Lyle ya sosa ƙeya. "Baba, a takarda za ta ja. Amma kun kai bakin iyakarta, ba sauran sarari. In kuka cika tankin ruwa, kuka loda kaya, ga ku uku a ciki, to ban ce komai ba. Ku ɗauke ta ku ɗaura mata Otal ku gwada. Gara ku ji da jikinku."

Washegari aka ɗaura. Kafin mu tashi, Wendell ya sa Lyle ya kama hannunsa na dama ya ɗora a kan ɗan maɓallin da ke kama birkin tirela ita kaɗai, don yana gefen da ba ya gani. Ya taɓa shi, ya sake, ya sake lalubo shi, har hannun ya san hanya. Ni ina kujerar baya da jakata a cinya.

Muka ɗauki hanyar gabas. Hanya ce miƙaƙƙiya, gonakin alkama dama da hagu, ba tudu ba kwana. Da farko abin gwanin sha'awa. Marlys ta riƙe sitiyari da hannu biyu, tana tafiya a hankali, har ta fara cewa, "Ashe abin ba wuya. Shekara da shekaru kana yi mana kuri a kan wannan?"

"Ki dai duba gabanki, direba."

Iskar garinmu ba ta sallama. Muna fita daga bayan wani ɗan tudu ta buge mu daga gefe, a daidai lokacin da wata babbar motar shanu ta zo wuce mu da gudu. Na ji kamar an kama bayan motar an ja shi gefe. Na waiga, sai na ga Otal tana kaɗa gindi, ta yi dama, ta dawo hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Motar ta fara bin ta. Marlys ta ƙwalla ƙara.

"Kada ki taka birki," in ji Wendell. Muryarsa a kwance, kamar yana neman a miƙo masa gishiri. "Ɗaga ƙafarki daga mai. A hankali. Riƙe sitiyari a miƙe, kada ki bi ta. Haka. Haka, 'yar gari."

Hannunsa ya tafi kai tsaye ya matse maɓallin nan. Na ji Otal ta ja mu ta baya, ta yi kaɗawa ɗaya, ta ƙara ƙarama, sannan ta miƙe. Ni dai ban san lokacin da na fara Addu'ar Ubangiji ba, na tsinci kaina a tsakiyarta.

Marlys ta gangara gefen hanya ta tsaya. Ta fita, ta je ta kama ginshiƙin shingen wata gona, ta sunkuya. Na bi ta na riƙe mata kafaɗa har ta gama amai. Wendell ya sauko da ƙyar, ya jawo ƙafarsa cikin ciyawa har inda muke.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Kin yi daidai, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Ba laifin motar ba ne kuma. Otal ce ta yi mata yawa. Mu ba Lyle ita ya ba mu ƙaramar tirela, shi ke nan, kowa ya huta."

Ta goge bakinta, ta koma ta tuƙa mu gida kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Lyle yana da ƙananan tireloli a bayan filinsa. Ya buɗe mana wata mai kyau, mara nauyi, wadda ya ce rabin-tan za ta ja ta ba ta ma san tana ja ba. Wendell ya hau da taimakonmu. Ƙofar ta matse masa kafaɗa. A ciki ya so ya juya, sandarsa ta maƙale a ƙafar tebur, gefen kansa na hagu ya bugi kabad ɗin da bai gani ba. Gadon sai an hau shi da gwiwa an rarrafa. Banɗakin kuwa, ya buɗe ya leƙa, ya rufe.

"Ta yi," ya ce, yana murza kansa. "Ta yi kyau sosai. Me mutum yake nema? Wurin kwana ne kawai."

Marlys tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. A Otal ya san komai da hannu, ko ido rufe zai tashi daga gado ya kai banɗaki yana dafa bango. Ta juya ta ce, "Lyle, ina babbar nan fara da na gani a gaba? Kawo makullinta."

"Mama, mai dizal ɗin?"

"Ita."

Sai da Lyle ya kawo akwatin katako ta taka kafin ta hau. Ta zauna a can sama, ƙanƙanuwa, kamar yarinya a kujerar mai wa'azi. Muka zaga gari ba kaya, motar tana ta jijjiga mu, kowane rami sai haƙorana sun haɗu. Marlys ta ce, "Na faɗa, ɗan maraƙi." Amma ta ce a ɗaura Otal.

Da nauyi ya sauka a bayanta sai motar ta nutsu, kamar abin da take jira ke nan. Muka koma hanyar gabas, iska tana nan ba ta je ko'ina ba. Na ga gumi a wuyan Marlys. Da ta hango wata babbar mota a madubi ta ce, "Ga ta nan, Wendell, ga ta nan." Ya ce, "Na ji ta. Riƙe kawai." Motar ta wuce mu, iska ta buge mu, Otal ta ɗan motsa ta koma wurinta. Shi ke nan. Marlys ta saki numfashi mai tsawo, muka juyo.

A filin Lyle ta sauko ta ce, "Wannan za mu ɗauka."

Wendell ya ce, "A'a."

"Me ya sa?"

"Don ni kike yi."

"To don wa zan yi? Don Lyle?"

Lyle ya tuna yana da waya a ofis, ya sulale.

"Ba na son a ji tausayina, Marlys. Motar da ba zan taɓa tuƙawa ba, ki saya ki ajiye mini a ƙofar gida ina kallo? Ke kuma ki yi ta wahala da ita shekara zagaye, ƙugunki, gwiwarki, duk don mutumin da ko farantinsa ba ya iya gani?"

"Tausayi?" Ta matso har sai da ta ɗaga kai tana kallonsa. "Kai ne ka cika gidan da tausayi tun da ka dawo. Komai to, komai yadda kika ce. Kana miƙo mini ƙaramar mota kamar ana ba yaro alewa ya yi shiru. Ni ban auri mai cewa to ba. Ka cika mini kunne duk sanyin nan da zancen tsayarwa, na ji abin da kake nufi a hanyar gabas. Yanzu da na yarda sai kai ka tuba? E, don kai nake yi. Don ni ma nake yi, ba na son in mutu a ramin gefen hanya da Verna tana yi mini addu'a a kunne."

Na ce, "Ni me na yi kuma?"

Wendell ya waiga ya dubi motar. Can ya ce, "Ba za ta shiga garejinmu ba."

"Ta kwana a waje."

"Dizal ba ya son sanyi. Sai an riƙa jona ta da wuta don injin ya yi ɗumi."

"Ai ka samu aikin yi."

Ya zagaya motar a hankali da sandarsa, yana bi ta dama don ya gan ta. Ya dafa tayar baya, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi. Da ya ɗago ya ce, "Ki gaya wa yaron nan ya sa mataki mai faɗi, ba irin siririn nan na ado ba. Kuma madubai na jan tirela nake so, masu fitowa waje." Daga jin muryar na san Wendell ya dawo.

Kada in yi ƙarya, Marlys ba ta taɓa son motar nan ba. Bijimi take kiranta. A kasuwa sai ta ajiye ta can ƙarshen fili inda ba kowa, ta tako da ƙafa. Matan coci suka samu abin dariya, in ta iso sai su ce a matsa, ga mai kwasar shanu ta zo. Warin dizal yana hawa mata kai. Duk abin da ta faɗa a lokacin sanyi ya tabbata, ba ta kuma fasa tuna masa ba.

Koyon baya da baya shi ne ya kusa raba auren. Kullum da yamma mukan tafi filin baje kolin gunduma, inda ba kowa sai tsuntsaye. Wendell ya jera bokitai, ya tsaya a dama, ni a hagu tunda can ba ya gani.

"Sa hannunki a ƙasan sitiyari. Inda kike so gindinta ya tafi, can za ki kai hannun. Hagu. Na ce hagu!"

"Hagun wa? Naka ko nawa ko na Otal?"

"Hagu ai ɗaya ne a duniya!"

"To zo ka nuna mini shi, tunda kai ka fi kowa saninsa!"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Wendell ya juya ya fara tafiya wajen ƙofar fili yana jan ƙafa. Marlys ta kifa kai a sitiyari. Na rasa wanda zan bi. Ya yi nisa kaɗan, sai ya tsaya, ya sunkuya ya ɗauki bokitin da ta take, ya buɓɓuga shi ya miƙe, ya mayar wurinsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Sake. Wannan karon zan ce wajena ko wajen Verna."

Da haka ta koya. Ta murƙushe bokitai ba adadi, ta kuma kwantar da akwatin wasiƙuna ranar da ta fara shigar da Otal layinmu, amma ta koya.

Yuli ya zo muka loda kaya. Da ni aka tafi, don Marlys ta ce ba ta zuwa ko'ina ba idon hagu. Muka ratsa fili har duwatsu suka taso a gabanmu. Hawa bai ba ta wahala ba, Bijimi ya yi ta gurnani yana ja. Gangara ce abin tsoro, hanya tana murɗawa, rami a gefe, kogi can ƙasa kamar zare. Wendell ya rufe idonsa, ya jingina kai, yana sauraron inji.

"Sauke giya ɗaya. Bar injin ya riƙe ta, kada ki zauna a kan birki, zai yi zafi. Yanzu taka, da ƙarfi, saki. Kin ji yadda ta yi? Haka ake sauko da jirgi."

"Ka buɗe ido mana, tsoho, kana ba ni tsoro."

"Kunnena ya fi idona yanzu. Ke ki buɗe naki."

Motoci suka yi layi a bayanmu. Marlys ta damu, ya ce ta bar su, duk mai sauri ya yi fiffike. Da muka sauka ƙasa ta ce hannayenta sun ƙage, sai da na ɓamɓare mata yatsu daga sitiyari a wurin shan mai.

Mun isa tafki da la'asar. Tsofaffin suna zaune a kujerunsu a gindin itatuwa, kowa da kofinsa. Ba abin da suke so a duniya kamar kallon mutum yana shigar da tirela da baya. Da suka ga Wendell ya sauko ta ƙofar fasinja, hira ta tsaya. Wurin da suka saba ajiye Otal yana tsakanin itace da wani dutse, ga shi a karkace.

Marlys ta gwada, gindin Otal ya nufi itace. Ta fita ta sake, ya nufi dutse. Floyd ya taso yana gyara wando, ya zo bakin taga. "Marlys, sauko in saka miki ita. Kin yi ƙoƙari, wannan wurin sai wanda ya saba."

Na ga ta kai hannu za ta buɗe ƙofa. Ta gaji, idonta ya yi ja.

"Floyd," in ji Wendell, "koma ka zauna. Ita ta haye da ita dutse, ita za ta ajiye ta. Kai da ka taɓa saka taka a cikin tafki, har kana da baki?"

Aka fashe da dariya, Floyd ya ɗaga hannu ya koma yana cewa ai birki ne ya tsinke. Wendell ya dafa ƙofar ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji me ya ce ba. Ya koma wurinsa, na koma nawa. Ta sake fita, ta sake dawowa, ta kuma sakewa. Ban ƙirga ba, amma kofin kowa ya huce. Daga ƙarshe Otal ta shige tsakanin itace da dutse, a ɗan karkace, amma ta shiga. Matan suka tashi suna tafi. Marlys ta sauko ta ce wa Floyd, "In kana son darasi, gobe bayan karin kumallo."

Zaman ya yi daɗi, ko da yake ba kamar da ba. Wendell bai iya shiga kwalekwale ba, sai aka sa masa kujera a kan gadar katako yana jefa ƙugiya daga nan. Wata rana na same shi shi kaɗai a kujerar direba, mota a kashe, hannayensa a kan sitiyari. Na yi kamar ban gani ba na wuce. Da kaka ta zo likita ya sake duba idon, ya ce babu canji, kuma har yau babu.

A hanyarmu ta dawowa daga tafki, bayan mun sauko daga duwatsu mun shiga fili, na lura maganar Wendell ta ɗauke. Na leƙa, sai na ga kansa ya karkata, bakinsa a ɗan buɗe, yana barci. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya runtsa a motar da wani yake tuƙawa ba, ko bas ce.

Na raɗa wa Marlys, "Yaya, kin wuce mararrabar da ya ce mu tsaya mu sha mai."

"Na sani."

"In tashe shi ya nuna miki inda za ki juya?"

Ta saci kallonsa, ta mayar da ido kan hanya. "Akwai wani gidan mai a gaba. Miƙo mini alewar nan ta cikin jakarki, kuma ki daina motsi da leda."